Hannun Feda a Keken Tzu-an

"Kin ci abinci, gajeruwa?"

"Na ci, Agong. Kai fa, an ciro haƙoran naka daga kofin da suka kwana?"

Haka 'yata Pei-ru da kakanta, da take kira Agong, suka fara tun ba mu gama shigar da keken cikin rumfar gyaran keke ta mahaifina da ke garin Dajia ba. Keken ɗana ne, Tzu-an, wanda ya rasu bara. Kakan nasa ne ya harhaɗa masa shi don zagayen tsibiri da matasanmu kan yi in sun gama jami'a. Bai samu ya yi ba. Ƙanwarsa Pei-ru ta ce ita za ta yi, a kan kekensa, kuma ban da sauke sirdi ba mai canja mata ko ƙusa ɗaya. Sai dai hannun feda, ƙarfen nan da feda ke maƙale a bakinsa, milimita 175 ne, awon mai dogayen ƙafafu. Tun da ta fara atisaye gwiwarta ta dama ke kumbura.

"Hau in gani," in ji tsohon.

Na riƙe mata keken, ta hau ta juya feda baya-baya.

"To sannu, kwaɗo. Gwiwa na dukan haɓa, ƙugu na lilo dama da hagu."

"Ai gadon ƙafa na yi. Duk gidanmu kai ne sai ka taka kujera kafin ka soka turare a haikali."

"Da ƙafafun nan na zaga tsibirin nan, buhun shinkafa a baya, kakarki a kan buhun."

"Wancan karon alade ka ce a kan buhun."

"Rage murya, tana kicin."

Ya jawo aljihun tebur ya fito da wasu hannayen feda a naɗe cikin tsumma.

"Na 165 ne, awonki. Ki sa, ki dawo gida da gwiwarki. Ki ƙi, a hawan duwatsun kudu za a kwaso ki a motar kabeji."

"Waɗannan ai cokulan shayi ne."

"Daidai da kofin."

"Ba na canjawa, Agong. Da hannayen nan Yaya ya yi atisaye, da su zan zaga. In gwiwar ta ƙi, in ja shi da ƙafa."

Tsohon ya goge hannunsa da tsumman, ya durƙusa a hankali gefen keken.

"Ke, nuna mini inda ƙafar yayanki ta taɓa hannun nan."

Ya ƙwanƙwasa fedar da farce. Gefenta na waje ya sille, fentin ya tafi, ƙarfen na ƙyalli.

"Nan ya taka. Yana karkatar da ƙafa waje kamar agwagwa, na yi faɗa har na gaji. Feda kwancewa take, kuma bakin hannayen, dogo da gajere, iri ɗaya ne. Ta koma kan gajeren hannu, ki taka inda ya taka."

Pei-ru ta daɗe tana kallon wurin.

"Dogayen fa?"

"Babanki zai ajiye."

Na ce zan ajiye.

Ta sauko, ta ja hanci, ta ɗauki hannun guda tana auna nauyinsa a tafi.

"In na zaga da cokulan naka, me zan samu?"

"Kwalin kek ɗin gwaza."

"Wanda za ka cinye rabinsa kafin in wuce garin Tainan."

"Ai ɗanɗanawa aikin babba ne." Ya miƙa mata sifana. "Ki lura, fedar hagu ba irin ta dama ba ce. Inda kowa ke ɗaurewa, ita nan take kwancewa."

"Ashe kana da 'yar'uwa a keken."

Ya yi dariya har da tari, ita ma ta yi. Ta karɓi sifanar ta durƙusa a wurinsa, ta ce shi ya ji da hannayen, amma fedar kada wanda ya taɓa sai ita.