Jirin Alassane na Agadez

Kowa ya ji tambayar, amma ni kaɗai na ji ƙofar.

Ranar Juma'a da hantsi muna tsakar gida a unguwar Gurda, nan ƙasar da muke ci-rani, wayar mijina Maman Sani a bisa turmi, muna sauraron shirin rediyon nan na can gida da likita ke amsa tambayoyin masu sauraro. Sai aka sako muryar wani, a toshe kamar ya rufe baki da rawani. Ya ce shi Alassane ne daga Agadez, yana da aboki ɗan shekara hamsin, in ya hau dabino sai jiri ya ɗebe shi, ƙeyarsa ta riƙa sara. Can bayan muryar wata ƙofar ƙarfe ta yi kuka sau biyu, na biyun ya fi tsawo. Ƙofar gidanmu ce. Shekara uku ina buɗe ta.

Likita ya ce a auna wa abokin tansiyo, wato hawan jini, ya rage gishiri da shayi mai kauri, kada kuma ya sake hawa komai sai an auna. Na saci kallon Baba, surukina. Yana ta fifita gawayin shayinsa kamar bai ji ba. Washegari za a fara yankan dabino a gonar da yake aiki a Wadi Bawanis, kuma shi ne mai hawa.

Ni suruka ce, ko sunansa ba na kamawa. Ɗiyansa ma ba wanda zai iya kallon idonsa ya ce ya tsufa. Sai na raɗa wa Mounira, jikarsa, wadda ta zo mana yini, abin da na ji. Ta gyara ɗaurin kallabi ta nufe shi.

"Ina kwana, angona. Ya mutanen Agadez?"

"Lafiya lau, uwar ƙiwuya. Wace Agadez kuma? Rabona da Agadez tun ubanki na rarrafe."

"To ya jikin abokin naka?"

"Wane aboki?"

"Ɗan shekara hamsin ɗin. Hamsin, Hassoumi! Ka ji tsoron Allah. Takalmin ƙafarka ma ya haura hamsin."

"Ke! Da ranar Juma'a za ki ɗora mini sharri? Muryata kika ji?"

"Ƙofa na ji. Wata shida ana roƙonka ka ɗiga mata mai, rowa ta hana ka. Ga shi ta tona ka a gaban duniya."

"Ƙofa guda ce mai kuka a duniya? A Agadez babu ƙarfe?"

"Kuma wa ya koya maka tura saƙon murya? Ni! Don ka riƙa gaishe ni. Ko sau ɗaya ban ji ka ba, ashe likitan rediyo kake zance da shi a bayan idona."

Baba ya dangwarar da mafici.

"Shekara talatin da ɗaya ina hawan dabino a ƙasar nan! Ban taɓa zamewa ba. Ke da ko kan gado sai an tura ki, ke ce za ki koya mini hawa? Je ki, na sake ki!"

"Na sha ɗaya ke nan a watan nan. Ba inda za ni. Wa zai kwashe ka in ban da ni? Tsoho mai haƙori shida."

"Bakwai!"

"Ɗaya na rawa, ba a lissafa shi."

Igiyar hawansa na rataye a ƙusa, ya shafe ta da mai tun jiya. Mounira ta sauke ta, ta naɗe, ta zauna a kai ta miƙe ƙafa.

"Tashi daga kan igiyata, mummuna!"

"Sai an auna."

"Maman Sani! Kana gani ana wulaƙanta ubanka?"

Mijina ya sunkuyar da kai yana ta latsa wayar da babu abin latsawa a cikinta.

"Kada ka sa shi a ciki," in ji Mounira. "Tsakanin mata da miji ne. Ka faɗo daga can sama, wa zai yi takaba? Ni da ƙuruciyata in zauna wata huɗu da kwana goma saboda kai? Ko gado babu, daga butar shayi sai carbi."

"Butar nan ta fi ki daraja."

"To ita ta kai ka asibiti."

Baba ya juya kofin shayinsa a kan faranti, bai sha ba. Da ya sake magana muryarsa ta sauka.

"In ban hau ba gobe, mai gona zai ɗauki wani. Jibi ubanki ya sa ni a mota sai gida Tanout, in zauna gindin bango ina korar awaki."

Na ga idon Mounira ya kawo ruwa. Ta yi maza ta murguɗa baki.

"Tanout ta ce ba ta so, tana da tsofaffinta. Wa ya san dabinon da ya nuna da wanda bai nuna ba daga ƙasa, in ba kai ba? Ka tsaya gindi, Baffa Maman Sani ya hau, kai ka riƙa tsawa. Ai dama tsawar ka fi iyawa."

"Maman Sani? Wanda ke salati a kan tsani?"

"Kai ka haife shi, ba ni ba."

Dariya ta ƙwace wa Baba har ya ƙware. Ya zura hannu a aljihu, ya ɗebo dabino cikin tafi ya watsa mata a cinya.

"Ungo, na mayar da ke. Amma ki sani, ba ni za a auna ba. Alassane za a auna."

"Na yarda. Ɗauko hannun Alassane mu tafi."

Bayan la'asar suka tafi shagon magani. Mai shagon ya auna sau biyu, ya ce sha takwas, jinin ya hau sosai, ya ce gobe da sassafe a ga likita. Mounira ta dawo da igiyar a kafaɗa, ta miƙa wa mijina.

Baba bai zauna ba. Ya wuce ni ina tankaɗe a bakin madafa, ya ce, kamar da bango yake magana, "Wasu a gidan nan kunnensu ya cika tsawo."

Sannan ya ɗauko kwalbar man keke, ya durƙusa a hankali, ya ɗiga wa ƙofar.