Mikro a Wuyan Rigata

Ba zan taɓa mantawa da ranar da Hajiya Tsahara ta zo Dakoro ba. Ko na so in manta ma, matan unguwarmu sun ɗauki nauyin tuna mani har in tsufa.

Bari in faro daga tushe. Sana'ata haɗa man shafawa. Ina sayo man aduwa wurin wasu mata na ƙauyen Mai Yara waɗanda Inna Kuluwa ke shugabanta (tsohuwa ce mai ƙarfin hannu, idan kun gaisa sai kin duba ko yatsunki sun cika), in haɗa shi da man kaɗe da ɗan turare, in zuba a ƙananan kwalabe. Na raɗa mashi suna Annuri. Mai ne mai kyau, wannan ko gaban alƙali zan faɗa. Matsalar ni ce. Ban iya zama wuri ɗaya ba. Idan na ɗora tukunya, buɗe ta nake yi har tururin ya ƙare. Idan na aika saƙo, ina tsaye kan telefon kamar mai gadin shi. To ku yi tunanin halin da nake shiga in ga kwalaben Annuri jere a butik suna kallona, a sayi ɗaya yau, a sayi ɗaya gata.

Ana cikin haka na kamu da ciwon sauraren podkas, wato shirin hira da ake ɗorawa a intanet, mutum ya saurara lokacin da ya ga dama. Ina wanke-wanke ina saurare, ina tace mai ina saurare. Na lura manyan masu man shafawa na birni ba sa yin talla irin ta rediyo, mai kiɗa da ihu. Mai gabatar da shirin suke kamawa, wata sananniya da mata ke so, ita da bakinta ta ce, "Ni ma shi nake shafawa." Kuma ba a farkon shiri suke sa tallar ba, inda kowa ke tsallakewa. Sai hira ta yi daɗi a tsakiya, sannan a sako ta. Har kalma suke ba masu saurare, wadda in ka faɗa wurin saye za a rage maka, su kuma su gane daga ina cinikin ya zo. Na haddace duk wannan. Na fara yi wa mijina lacca a kai lokacin cin tuwo, har ya koma cin nashi a ƙofar gida.

Wadda na zaɓa ita ce Hajiya Tsahara (ba sunanta ba ne, na canza, kunyar da na sha ta isa). 'Yar wasan fim ce da ke zaune Maraɗi, tana da podkas da matan aure da 'yan mata ke bi kamar karatu. Amma gaskiya ba muryarta ce ta ja ni ba. Fuskarta ce. A hotunanta fatar nan sumul take, tana sheƙi kamar sabon faranti. Na ce a raina, duk wadda ta ga wannan fuska kusa da kwalbar Annuri, ta gama saye.

Na kai tumakina kasuwa, waɗanda nake kiwo tun aurena, na biya kuɗin ɗaukar nauyin shirin. Na kuma je har Mai Yara na ce wa Inna Kuluwa su ƙara fasa ƙwallon aduwa, ciniki na tafe. Suka bar wasu ayyukansu suka duƙufa. Hajiya kuwa ta ce ita ba ta tallata abin da ba ta ga inda ake yin shi ba, za ta zo Dakoro da kanta a ɗauki shirin a gidana, a yi hira da ni da matan.

Kwanakin da suka biyo baya ban san yadda gidan ya jure ni ba. Na share tsakar gida har ƙasa ta fara ramewa. Na canza wa kujeru wuri, na mayar da su, na sake canzawa. Na aika wa Hajiya saƙon murya kan abin da nake so ta faɗa: "Annuri ya goge mani kowane tabo." Na sake aika wani in gyara na farko. Na aika na uku in ba da haƙurin yawan saƙo.

Ranar ta zo. Da hantsi mota ta tsaya ƙofar gida, na fita da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa. Wani mutum mai furfura a gemu ya fara fitowa da jakunkuna, shi ne Malam Isufu mai ɗaukar sauti. Sai wata mata ta biyo shi, cikin atamfa marar hayaniya, ba hoda ba jan-baki. Na leƙa bayanta ina neman Hajiya Tsahara.

"Madam Annuri ko?" in ji ta, tana murmushi. "Ina kwana?"

Muryar ce. Ita ce. Amma fuskar, jama'a! Ƙuraje ne a kumatu da haɓa da goshi, wasu sabbi, wasu sun bushe sun bar baƙin tabo. Na amsa gaisuwa, bakina na cewa "sannu da hanya, Hajiya", cikina na kiran sunan tumakina ɗaya bayan ɗaya.

Muka shiga. Inna Kuluwa da matanta suna zaune kan tabarmi cikin kayan salla, maƙwabta sun cika bakin zaure. Malam Isufu ya kafa kamara (ashe har bidiyo ake ɗauka, wannan ma ya ƙara mani zafi), ya maƙala wa Hajiya wani ɗan mikro marar waya, ƙarami kamar ƙwaro, ya maƙala mani ɗaya a wuyan riga. Ya kunna amsa-kuwwa don matan su ji yadda murya ke fita. Na ce "bismillahi", muryata ta cika gidan, kowa ya yi dariya. Ya ce a ba shi ɗan lokaci ya daidaita haske.

Ɗan lokaci. Ni da ɗan lokaci ba mu taɓa shiri ba. Na kalli fuskar Hajiya, na kalli kamara, na kalli kwalaben da na jera kan tebur. Na ji in ban faɗa wa wani abin da ke cina ba, zan fashe. Na ce zan zaga, na zarce bayan ɗakin girki, wurin turken da babu tumaki yanzu, na kira yayata Hassana da ke aure a Maraɗi.

"Yaya, na shiga uku. Matar nan duk hotunanta filtir ne! Fuskarta kamar an watsa wa kaji gero."

"Me kika ce? Rezo ba kyau, ba na jin ki sosai."

Na ɗaga murya. "Na ce fuskarta kamar an watsa gero!"

"An watsa me?"

"GERO, Yaya! Gero! Ƙuraje ko'ina! Na sayar da tumakina saboda fuskar da babu ita. Wa zai sayi mai in ya ga wannan? Ai sai a ce Annurin ne ya yi mata haka!"

Na ci gaba. Allah ya sani na ci gaba. Na ce da na sani da na ɗauko Inna Kuluwa ta yi tallar, ko ba komai ita tsufa ne ya tamuƙe ta, ba ƙarya ba. Yaya ta ce in kwantar da hankali in sha ruwa. Na kashe telefon, na gyara ɗankwali, na ɗora murmushi, na dawo.

Tsit. Gidan da ke cike da mata, amma har kukan kurciyar maƙwabta ana ji. Wata ta cusa fuska cikin mayafi, kafaɗunta na girgiza. Inna Kuluwa ta zuba mani ido, ta riƙe haɓa. Malam Isufu ya kalle ni. Ya ɗaga yatsa a hankali ya nuna wuyan rigarshi, sannan ya nuna nawa.

Na duba. Ɗan ƙwaron nan na nan maƙale, fitilarshi koriya tana ƙyaftawa.

(Daga baya Malam Isufu ya rantse mani ya yi ƙoƙarin kashe amsa-kuwwar tun a geron farko, Hajiya ce ta riƙe mashi hannu.)

Ban san tsawon lokacin da na yi tsaye ba. Na ji zufa na bin bayana har cikin zane. Hajiya Tsahara ta kurɓi ruwa, ta ajiye kofi, ta dube ni.

"Madam, gero kika ce ko dawa? Wajenmu ma rezon ya ɗan yanke."

Gidan ya fashe da dariya. Har waɗanda ke waje suka shigo suna tambayar abin da ya faru, ana ba su labari a gabana. Na zube kan gwiwoyina in ba da haƙuri, mikron ya gogi tabarma, amsa-kuwwa ta yi wata ƙara kamar jaki ya shaƙe. Aka sake fashewa.

"Hajiya, don girman Allah ki yafe mani. Bakina ne, ba shi da linzami."

"Ni fa, ɗiyata?" in ji Inna Kuluwa daga tabarma. "Ni da tsufa ya tamuƙe, ba a ba ni haƙuri?"

Na juya da gwiwa na fuskance ta. Haka na yi ta juyawa tsakaninsu.

Da dariya ta lafa, Hajiya ta kama hannuna ta zaunar da ni kusa da ita. Ba ta ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi mari zafi. Ta ce ƙurajen sun fito mata tun bayan haihuwarta ta ƙarshe, hodar da ake lafta mata wurin ɗaukar fim kuma ta ƙara tsananta su. Tana ganin likitan fata a Maraɗi. Ta ce akwai ranakun da ba ta son duba madubi.

"Da gangan na zo maki haka, ƙanwata. Na ce mai haɗa man shafawa ita ce ta fi cancanta ta ga fatata yadda take. Hotuna kuwa gaskiyarki, filtir ne, kuma na fara gajiya da shi."

Na so ƙasa ta buɗe. Ba ta buɗe ba, ƙasar Dakoro ba ta taɓa taimakon kowa a irin wannan rana ba.

Na ɗauka za ta tattara kayanta ta koma, tumaki sun tafi, aikin matan Mai Yara ya tashi a banza. Sai ta ce za a yi shirin, amma da sharaɗi. Ba za ta faɗi maganar "ya goge kowane tabo" ba, don ba ta ga ya goge ba. Za ta tafi da Annuri ta shafa na wata guda, sannan ta faɗa wa masu saurarenta abin da ta gani, mai daɗi ko marar daɗi. Wa ya ga bakin musu a wurina? Na ce to. Aka yi hirar. Inna Kuluwa ta yi bayani tiryan-tiryan kamar a rediyo aka haife ta. Ni kuwa da aka tambaye ni sunan man, sai da na yi tunani.

Watan nan ban zauna ba. Na rame. Kullum ina duba telefon ko shirin ya fito. In na bi ta kasuwa, masu hatsi su ɗaga murya, "Madam, ga gero mai kyau!" Har mai kabu-kabun da ke kai ni butik ya tambaye ni, da ladabi, wai da gaske ne?

Ranar da shirin ya fito ina tsaye tsakar gida na kalle shi a telefon, don zama ya gagara. Hira ta kai tsakiya, daidai inda na roƙa a sa tallar, sai Hajiya ta ce:

"'Yan uwana mata, yau ba filtir, ga fuskata. Wata ƙanwata a Dakoro ta ba ni man da take haɗawa, Annuri. Gaskiya zan faɗa maku, bai taɓa ƙurajena ba, wannan aikin likita ne. Amma ku ga diddigena." Ta cire takalmi ta ɗaga ƙafa gaban kamara. "Shekaru ina fama da faso, har zanen gado yake kamawa. Ku duba yanzu. Duk mai so ta kira ta, in ta ce 'gero' za a rage mata."

Na zauna daɓas a ƙasa. Man da na yi wa mafarkin fuskokin amare, ga shi a diddige. Kalmar ragi kuma, gero.

Kafin la'asar telefon ya fara ƙara, kuma bai daina ba. Mata daga Maraɗi, daga Tawa, har daga Yamai. Kowace ta yi sallama, ta ce "gero", ta fashe da dariya, ni kuma in amsa da "na'am, Hajiya, kwalba nawa?" Ranar kasuwa wasu makiyaya daga Tagriss suka tsaya ƙofar butik da rawunansu, babbansu ya ce an ce nan ake sayar da maganin faso na matar fim. Ya cire takalmi ya nuna mani, ban ma tambaya ba. Matan Mai Yara yanzu ba sa isa da fasa aduwa, sun jawo matan ƙauyen Rumbu sun shiga. Babu mai kiran man nan Annuri sai ni da takardar jikin kwalba. Kowa man kaushi yake cewa.

Ni da Hajiya muna gaisawa har yau, ta kuma ci gaba da tallar a shirye-shiryen da suka biyo. Fuskarta ta yi sauƙi sosai, aikin likitanta. Ta yafe mani, sai dai duk lokacin da na kira, kafin sallama take tambaya ko rezo na da kyau wajena.

Abin da na koya? In za ka ba sananne kayanka ya tallata, bar shi ya faɗi abin da ya gani, ko da a diddige ya gan shi. Na biyu kuma ya fi muhimmanci. Yanzu duk lokacin da gulma ta taso mani, sai na fara shafa wuyan rigata da ƙirjina in tabbatar ba abin da ke maƙale. Na yi ta yi har mijina ya lura. Jiya ya zaunar da ni, fuska cike da damuwa, ya ce in shirya gobe ya kai ni asibiti a auna mani zuciya.