Sarƙar da Na Sa a Bikin Safana

Ba zan taɓa mantawa da bikin 'yar Larai a Safana ba, ko da na so in manta. Shekarar da man fetur ya tashi ce, damina biyu bayan ɓarayin daji sun tashe mu daga ƙauye, na dawo Batsari wurin jikana Sani. Lokacin sarƙata da 'yan kunnena duk sun zama gero mun cinye (ni da ba a taɓa ganin wuyana tsirara ba!).

Sani hotunan biki yake haɗawa a kwamfuta. Wai tasa ruwa ke zagayawa a cikinta don kada ta yi zafi, sai ka ce mai zazzaɓi. Ana gobe biki ya dawo daga Kano ya ce, "Amaryata, tsarabarki na kan tebur." Leda biyu na tarar. Ɗaya sabulu. Ɗayar wani farin ƙarfe mai sheƙi, kamar zobe mai ƙafa huɗu, kowace ƙafa da ɗan noti yana lilo. Ku faɗa mini, wace mace ce za ta zaɓi sabulu?

Na zura masa baƙin zare, na rataya, na hau mota da safe.

Larai, wadda tun muna 'yan mata muke gasar ado, ta ƙura wa wuyana ido. "Yaya Abu, wannan fa?"

"Sabon yayi ne," na ce. "Bai iso Safana ba tukuna."

Wata ta ce azurfa ce? Na ce ta tambayi idonta. Har layi mata suka yi suna taɓawa, ni kuwa ina ta miƙa wuya kamar zabuwa.

Da la'asar sai ga Sani a tsakiyar mata, gumi sharkaf.

"Kaka, don Allah ba ni."

Da na ji Kaka ba Amarya ba, na san da magana. "In ba ka me?"

"Abin wuyanki. Shi ke danne tukunyar ruwa a kan ƙwaƙwalwar kwamfuta. In babu shi ina kunna ta take mutuwa, ga aikin mutane a hannuna!"

Ja'irin yaro, ya ja ni gefe mana! Ina! Ya kwance zaren a gaban kowa, ya duba, ya ce noti ɗaya babu. Haka aka tashi baƙi ana kakkaɓe tabarmi, har amarya da duƙawa. A kwanon shinkafata Larai ta tsamo shi, ta ɗaga sama kowa ya gani.

Tun ranar, abin da duk ke sheƙi a ɗakin Sani, gaisuwa ce tsakaninmu daga nesa.

Matan da suka ga abin nan, masu rufa asiri a cikinsu duk Allah ya ɗauke su. Saura ni da Larai. Ita kuwa duk bazara sai ta aiko a ce mini zafi ya ishe ta, in ara mata sarƙar nan.