Wasiƙar Kawu Isa

Ina shekara ta biyu a jami'a a Gadarif, nan Sudan, na gano kalmomin ƙarfafa magana na Turanci, na cika littafi guda da su. A ganina, jimlar da ba ta da su marainiya ce.

Sai ga Kawu Isa, direban tarakta a Gadambaliya. An gama girbin dawa, gida na jiran abinci, yana neman aikin tuƙi wurin wata ƙungiyar agaji a sansanin 'yan gudun hijira na Um Rakuba. Ya ce in rubuta masa wasiƙa da Turanci.

"Ka sa ina ɗan jin yaren Habasha, wurin leburori na tsinta," in ji shi.

"Ɗan ji" bai yi mini ba. Na rubuta cewa yana ji ƙwarai, yana magana matuƙa, yana fahimta gaba ɗaya. Sau uku na karanta wa kaina don daɗi.

Ranar ganawa aka zaunar da shi gaban wata tsohuwa 'yar yankin Tigray na Habasha, aka ce ya fassara. Iyakar sanin Kawu shi ne "zo mu ci" da "ɗauki buhu". Ya faɗa mata duka biyun. Tsohuwar ta yi dariya har da hawaye, ta sa tafintan gaske ya gaya wa jami'in ƙungiyar cewa wannan mutumin kirki ne, a ba shi mota.

Allah ya saka mata, an ba shi. Kawu bai taɓa yi mini faɗa ba. Amma har yau idan ya miƙo mini kofi, sai ya ce, "Ɗana, sha za ka yi, ko sha ƙwarai matuƙa gaba ɗaya?"