Wat Biyar na Baba Istifanus

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tsaya a tsakar gidan wani dattijo a Ushafa, riƙe da na'urar auna ƙarfin rediyo, ina fatan ƙasa ta tsage in shige.

Muna da wata 'yar ƙungiya a Abuja ta masu sha'awar rediyo, irin waɗanda kan kafa eriya a gida su riƙa kiran takwarorinsu na wasu ƙasashe. Duk shekara mukan yi gasar kwana biyu, wanda ya fi samun tashoshi shi ne gwani, shi ke ɗaukar kofi. To, kullum mutanen Maitama ke lashewa, masu dogayen eriya da janareta. Ƙananan suka fara janye jiki. Sai shugabanmu, Injiniya Bala, ya ce a sake dokoki, ni kuwa na yi caraf na karɓi aikin. (Shekarata biyu kacal da samun lasisin rediyo, amma da yake a ma'aikatarmu ni ke rubuta ƙa'idoji, na ɗauka babu abin da zai gagare ni.)

Dabarata mai sauƙi ce. Kowa ya faɗi ƙarfin na'urarsa, wato wat nawa take fitarwa, mai ƙaramin wat a ninka masa maki. Na buga, na raba, har da jawabi a kan adalci.

Da sakamako ya fito, sai ga Baba Istifanus a sama, da tazara mai nisa. Tsohon ma'aikacin sadarwa ne ɗan Filato, ya daɗe da yin ritaya, kuma tun shigata ƙungiyar ban taɓa ganinsa a taro ba. Ya rubuta wat biyar. Ni da wat ɗarina ban samu rabin tashoshinsa ba. A taron duba sakamako na miƙe gaban mutane na ce wa shugaba, "Ranka ya daɗe, wannan ba zai yiwu ba. Wani ya ɓoye ƙarfin na'urarsa don ya ci banza."

Injiniya Bala ya dube ni ya ce, "Malam, ka san wa kake magana a kai kuwa?"

Na ce doka ba ta san kowa ba. Na dage sai an je an auna, na kuma rubuta wa Baba takarda da sunan kwamiti, har da kalmar maguɗi a ciki.

Ranar Asabar muka tafi mu uku, ni da shugaba da wani ɗan kwamiti. Matarsa, Mama Rahila, ta tarbe mu, ta ba mu ruwa ba tare da ta kalle ni ba. Ta ce, "Takardar ku ya zo. Ni na karanta mashi, sau biyu."

Baba yana zaune a baranda, hannun damansa a kan cinya ba ya motsi, bakinsa ya ɗan karkace. Ashe shanyewar ɓarin jiki ta same shi shekara uku da suka wuce, maganarsa ba ta fita. A gabansa wata 'yar na'ura ce da ya haɗa da kansa cikin gwangwanin biskit, da batirin babur, da waya guda da aka ja zuwa bishiyar mangwaro. Na jona abin awona. Wat huɗu da ɗoriya ya nuna.

Duk da haka bakina bai mutu ba. (Allah Ya raba mu da baki irin nawa.) Na ce, "To, ta yaya muryarsa ta kai waɗancan ƙasashe?"

Injiniya Bala ya ce a hankali, "Wace murya? Da Mos yake aiki."

Mos shi ne saƙon ƙwanƙwasa, gajere da dogo, wanda ke ratsa nisan da murya ba ta kaiwa da ƙaramin ƙarfi. Kowane tsohon hannu ya san haka. Ni ban taɓa koyonsa ba, dokokina ma ba su ambace shi ba sam.

Baba ya jawo maƙwanƙwashin da hannun hagu ya fara bugawa, idonsa a kaina. Ƙarar ta cika barandar. Shugaba ya sunkuyar da kai, ɗan kwamitin ya cire hularsa. Mama Rahila ma ta gane, don da haka suke hira tun da ciwon ya zo. Ni kaɗai, mai tsara dokokin gasa, na tsaya kamar gunki, har sai da na tambaya, "Me ya ce?"

Ita ta amsa. "Ya ce kofin, ku ba wanda kuke so. Ya ce shekara arba'in yana kan iska, ba wanda ya taɓa kira shi maƙaryaci sai kai."

Na buɗe baki in ba da haƙuri, abin da ya fito shi ne, "Ai tsarin ne, Baba." Ya kashe na'urarsa. Muka tattara kayanmu muka koma mota.

Na ƙudura zan koyi Mos in ba shi haƙuri da harshensa, don in burge shi. Na yi ta ja, yau aiki, gobe taro. Ina tsakiyar koyon haruffa shugaba ya kira ni ya ce Baba ya rasu. Na je gaisuwa, Mama Rahila ta amsa mini kamar yadda ta amsa wa kowa, wannan ya fi zagi ciwo.

An gyara dokokin, an ware rukunin murya da na Mos, kuma ba ni aka ba aikin ba. Abin da na koya shi ne, kafin ka auna na'urar wani, fara auna iyakar saninka. Nawa dai, da aka auna, ko wat ɗaya bai cika ba.