Yadda Za Ka Auna Farin Jinin Manhajar Kiɗa Kafin Baffa Ya Karɓe Kwamfuta

Kai da Baffa Sambo ya sayar da bijiminsa ya saya maka kwamfuta, ya kuma tsaya maka ka zama dillalin manhajar haɗa kiɗa a Bagudo, matso kusa. Na san ya ce ranar kasuwa zai zo ya ji ko abin yana tafiya, in ba ya tafiya ya karɓe kwamfutar ka koma fadamar shinkafa a Geza. Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, ni na yi maka alkawari ƙafarka ba za ta ƙara taka laka ba.

1. Rufe shafin kamfani

Shafin nan mai nuna waɗanda suka saya, kada ka sake buɗe shi. Ba kowa a ciki, ka sani, na sani. Mutanen da suka ƙera shi ba su taɓa zuwa Bagudo ba, ina za su san yadda muke son abu? Mu in abu ya burge mu ba saye muke ba, cewa muke a tura mana.

2. Auna da kunne

Je tashar 'yan kabu-kabu ka samu benci. Akwai kiɗan gwaji da ke zuwa cikin manhajar, wanda har yau ba wanda ya gano inda ake canza shi. Duk babur ɗin da ya wuce yana tashin wannan kiɗa, ɗauke shi a matsayin mai saye. In ya goyo mutum biyu da akuya, har akuyar ka saka. Ai ta ji, kuma ba ta sauka ba.

3. Shiga kasuwar duniya

Hau mota zuwa Illo, ka yi gaba da ƙafa har inda wayarka za ta yi maka maraba da Faransanci. Tsaya cak a nan, ba ka da takardar wucewa. Buɗe manhajar, rufe ta, sake buɗewa, har cajinka ya mutu. Shi ke nan, kayanka ya shiga Benin. Ka dawo kana ɗan gurɓata Hausa kamar wanda ya shekara a waje.

4. Tuntuɓi masu tura waƙa

Nufi Zagga wurin Badamasi mai cajin waya. Zai gaya maka, ko kunya babu, cewa ya tura manhajarka ga duk mai kwamfuta daga nan har bakin kogi, kyauta, har da wani mai kemis da ya ɗauka ta gyaran hoto ce. Idonka zai kawo ruwa. Haɗiye. Wannan shi ake kira farin jini, kuma ba kowa Allah ke ba shi ba.

5. Fuskanci Baffa

Shimfiɗa masa tabarma, durƙusa, ka shaida masa cewa daga Bagudo har ƙetare ba kwamfutar da ba ta da kayanka. Zai yi murmushi ya ce ai ya sani, ranar da ka tafi ɗaurin aure ya shiga ɗakinka.

“Ni na kai ma Badamasi ɗan ƙarfen nan da kake sokawa a jikin kwamfuta,” zai ce. “Na ce ya raba ma jama'a. Amfanin gona na fari ne, ɗana, ba a cinye shi a gida. To yanzu da kowa ya ɗanɗana, sai ka fara sayar musu.”

Kada ka yi masa bayani cewa wanda ya ɗanɗana manhaja ya gama ci har abada. Dattijo ne, kuma don kai ya yi, murna yake har cikin ransa. Ka ce, “Allah ya saka da alheri, Baffa,” ka naɗe wayar cajin da kyau ka haɗa masa da kwamfutar.

Sanarwa

Mai wannan rubutu bai san ka ba, bai san Baffanka ba, kuma ko kalangu bai taɓa kaɗawa ba. Duk abin da ya biyo baya tsakaninka ne da danginka, kada ka zo mini ƙofar gida. Ka dai kama hanyar Geza da wuri, an fara dashe.