Goron Gidan Su Ifeoma

Ko tsufa ya kwashe mini komai a ka, ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da muka je nema wa Yaya Ayuba aure a Sabon Gari ba. Har yau in na ga goro a faranti sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi.

Lokacin ina karatun Turanci a jami'a a Samaru, kaina kuma ya kumbura har ɗankwali ba ya zama. Wata irin cuta ce ta kama ni: ba a faɗin kalmar Turanci a gabana a wuce lafiya. Ka ce "cell", sai in tare ka in ce wanne, na 'yan sanda, ko na cikin jini, ko na batirin tocila? Ka ce "bank", in ce na ajiya, ko gaɓar kogi, ko wanda asibiti ke tara jini? Wata rana a kafen intanet na tsare mai wurin da bayanin yadda sunan ɓera ya koma sunan linzamin kwamfuta, har lokacina ya ƙare ban buɗe saƙo ko ɗaya ba. 'Yan ɗakinmu suka laƙa mini Kamus. (Tsokana ce, amma ni na ɗauke ta sarauta.)

Yaya Ayuba kuwa ba ruwansa da surutu. Gyaran wuta yake yi a wata masana'anta a Chikaji, shi ya riƙe mu tun rasuwar Babanmu, shi ke kai ni Samaru a babur. A majami'a ya haɗu da Ifeoma, tun daga nan bawan Allah ya fara guga har da singileti. Babanta mai sayar da kayan gyaran mota ne, haifaffen Sabon Gari, Hausa a bakinsa kamar ta kowa, kuma yana son Yaya. Matsalar ita ce wan baban nata, wani tsoho da suke kira Papa, wanda ya taso musamman daga garinsu na gabas. Maganarsa ce ta ƙarshe, kuma tun kafin ya iso ya aiko cewa shi bai ga dalilin ba da 'yarsu ga mutanen da ba su san al'adarsu ba.

Papa ba ya jin Hausa. Namu babban, Baba Ishaku wan Babanmu, ba ya jin Turanci. Uban yarinya ba ya zama tafinta a neman auren 'yarsa, mai nema kuma shiru ne nasa. To wa ya rage? Ai kafin a gama tambaya na miƙe.

Ana gobe za mu je, Yaya ya tara mutanen gida a tsakar gidanmu na Palladan yana faɗa musu abubuwan da Ifeoma ta ce a kiyaye. Ya leƙo ɗaki ya ce, "Kamus, fito ki ji mana."

Na ce, "Haba Yaya, ai duk abin da za a yi gobe da Turanci za a yi shi. Bar ni in shirya." Na koma kan ƙamusuna ina haddace kalmomin aure.

Washegari muka cika falonsu. Maza a kujeru, matan gidan suna leƙe ta labulen kicin, ni kaɗai ce mace a tsakiya, na liƙe a gefen Baba Ishaku. Papa yana zaune da jar hula da sanda, fuskar nan ba alamar wasa. Aka fara gaisuwa, ina juyawa tsaf, har na ga Yaya ya saki numfashi. Sai Baban Ifeoma, yana gabatar da kansa da Turanci saboda wansa, ya ambaci cewa "ring" da sauran kayan inji yake sayarwa.

Wayyo, cutata ta motsa! Na duƙa kunnen Baba ina raɗa: "Baba, wannan kalma ka gan ta nan, a wajen makanikai ƙarfe ne a cikin inji. A majami'a zoben aure ne. In waya ta yi ƙara ita ce. Filin 'yan dambe ma..."

Ina cikin wannan ne aka fito da faranti, goro ɗaya tal a kai. Ashe abin da Yaya ya yi bayani ke nan jiya: a wajensu farantin zagayawa yake yi hannun maza, kowa ya taɓa ya miƙa gaba, ya koma wajen babba. Shi zai ɗaga shi ya yi addu'a da harshensu, shi zai ɓare, sannan a ci. Mace ko taɓawa ba ta yi. Baba Ishaku ya taɓa yadda aka koya masa, ya rasa wa zai ba, sai ya miƙo wa na kusa da shi.

Ni kuwa 'yar Zazzau, an miƙo mini goro, me kuke so in yi? Bakina bai ma daina bayanin dambe ba na ɗauka, na sa farce na ɓare, na jefa ɓari ɗaya a baki. Ƙarus! (Har a raina ina cewa, mutane cike da falo a kawo goro ɗaya, wannan rowa da yawa take.)

Duk falon aka zubo mini ido. Daga bayan labule na ji wata ta ce, "Chineke!", wato "Ya Allah!" da harshensu. Na ɗago. Yaya Ayuba ya sunkuyar da kai, hannuwansa biyu a kan ƙeya. A nan na gane na yi ɓarna, domin ban taɓa ganin Yaya haka ba, ko ranar jana'izar Babanmu.

Papa ya buga sanda a ƙasa ya fara faɗa. Kuma kun san abin takaicin? Ni ce tafinta.

Baba Ishaku ya taɓa ni. "Me ya ce?"

Goro na kumatuna, ga ɗaci, na kasa haɗiyewa na kasa tofarwa. Na ce, "Ya ce a garinsu mace ba ta ɓare goro."

"Sai me?"

"Ya ce abin da yake gudu ke nan tun farko. Ya ce... yarinyar nan ba ta da ta ido."

"Wace yarinyar?"

"Ni, Baba."

Hawaye suka zubo mini. Ba kunyar kaina ce ta fi ci na ba, tunanin na rushe wa Yaya aure da haƙorana ne.

Baba Ishaku ya gyara zama, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ya ce, "Share idonki ki gaya masa. Laifin nawa ne, ni na miƙa mata. A wajenmu in aka ba ka goro ka ƙi ci, ka raina mai gida. Ba mu san naku ba, gaskiya ne, ga shi kun gani da idonku. Amma ku koya mana. 'Yarku ma in ta zo gidanmu za ta taka abin da ba a takawa, kuma ba za mu kore ta ba, zaunar da ita za mu yi mu nuna mata."

Ban taɓa yin Turanci mai sauƙi irin na ranar ba. Kowace kalma ma'ana ɗaya na ba ta, na wuce.

Papa ya dubi Baba. Can sai ya juyo ya ce in buɗe hannuna. Na buɗe. Ɓari uku ne a ciki. (Sai a lokacin na lura goron nasu ba irin namu mai rabuwa biyu ba ne.) Ya ce ina sauran? Na nuna kumatuna.

Tsohon nan ya yi ƙoƙarin riƙe fuska, ya kasa. Ya tuntsire da dariya har sandarsa ta faɗi, falo duka ya ɗauka. Baban Ifeoma yana share hawayen dariya ya ce mini da Hausa, "'Yata, Allah ya so ki. Goro mai ɓari huɗu alamar albarka ce a wajenmu. Da biyu ya fito, da yanzu kuna bakin titi kuna neman mota."

Aka kawo wani goron, Papa ya yi addu'arsa mai tsawo, ya ɓare da hannunsa. Amma bai bar ni haka ba. Ya nuna ni da sanda ya ce tunda ni na fara cin goron auren nan, ni ce shaida: duk ranar da Ifeoma ta yi kuka a gidanmu, ni zai zo nema. Wannan ma ni na fassara wa Baba, kalma bayan kalma.

A hanyar komawa, da muka kusa gida, Yaya ya dube ni. Ya ce, "Kamus, goro ma'ana nawa gare shi?" Na ce don Allah ya rufa mini asiri.

Aure ya yi albarka, Papa bai taɓa zuwa nemana ba. Sunan Kamus kuwa daga ranar nan ya mutu, 'ya'yan Ifeoma Anti Goro suka taso suna kirana. Yanzu duk gidan da na shiga, in aka miƙo mini abu, sai na rufe bakina na dubi hannun mutane tukuna.